Ta Inda Ba Ya Ji

Litinin, 3 ga Maris

Ya cire ni. Yaya Selom, uwa ɗaya uba ɗaya, ya cire ni daga Kadoji, ƙungiyarmu ta wasan harbi a waya.

Na dawo daga aiki, na watsa ruwa, na buɗe wasan a waya kamar kullum, sai na ga babu sunana a ƙungiya. Na zaci intanet ne. Na kashe na kunna. A gurbina ga wani wai shi Edem, ɗan jami'a. Na kira Yaya yana shagonsa, ina jiyo kukan injin firij a bayansa. Ya ce, "Dzifa, gasar Lome ce ke tafe, ba wasan tsakar gida ba. Mai harbi muke nema." Na ce to ni mece ce, mai tallan gyaɗa? Wai yana da mutane, zai kira ni anjima.

Ni na raɗa wa ƙungiyar nan suna. Ni na zana kadan da ke jikin tutarta.

Talata, 4 ga Maris

Bai kira ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ashe cirewar ma somin taɓi ce.

A wasanmu na ƙarshe, makon jiya, mu huɗu muna cikin mota, fili yana ta matsewa, ni ke tuƙi. An ɗauke wuta, zafi, yatsana ya jiƙe da gumi. Kan gada ya zame mini, motar ta afka kogi, muka mutu gaba ɗaya. Sau ɗaya ke nan tun da muka fara. To Yaya ya yanko bidiyon wurin ya watsa, ya rubuta a ƙasa: "Malamar makarantar koyon tuƙi. A hanzarta yin rajista."

Yau da safe ɗalibina, wani ƙaton mutum da har yanzu bai san birki da kuloci ba, muna dosar gadar unguwar Be ya kalle ni ya ce, "Malama, ta sama za mu bi ko ta ruwa?" Mai makarantar ma ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wata mata kuma ta nemi a canza mata malami. Wai ba don komai ba.

Da sana'ata ya yi wasa. Da abincina.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan coci mun haɗu gidan Dada, mahaifiyarmu, kamar kowace Lahadi. Sakwara da miyar kifi. Na kai ƙara, Dada ta ce, "Ku manya da ku, a kan abin waya?" Na yi mata bayani: ana sauke mutane a tsibiri huɗu-huɗu, ƙungiyar da ta rage da rai ita ta ci. Ta ce, "To in kun ci, me ake dafawa da shi?" Yaya ya ƙyalƙyale. "Wasa ne fa, ƙanwata. Ke ba a yi miki raha?"

Sai Dada ta ce ya miƙo mata ruwa. Tana zaune ta hagunsa. Bai ji ba. Bakina har ya buɗe zan maimaita masa, yadda na saba tun ina 'yar firamare. Na rufe shi. Sai da ta taɓa shi.

A nan abin ya faɗo mini.

Kunnen Yaya na hagu ya mutu tun ƙyandar da ya yi yana yaro. Ban da mu na gida babu wanda ya sani, ko abokan wasansa. A wasan nan kuwa kunne shi ne rabin ido, da shi kake jin takun mai zuwa, ta dama ko ta hagu. Duk shekarun nan ni ce ke bin gefensa ina cewa, "Hagu, mutum biyu." Shi ya juya ya harbe, a tafa masa, a ce Selom aljani ne.

Edem zai gaya masa? Edem bai sani ba.

Na cinye sakwarata tas, har da ƙari.

Laraba, 12 ga Maris

Na kafa tawa. Sunanta Ƙaiƙayi. Ya san kan wanda zai koma.

Mutum uku na samu. Anti Ayele, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta haura hamsin, jikokinta suka koya mata wasan ta fi su kamuwa. Malam Essoham, malamin lissafi a Kara, ban taɓa ganinsa ba sai murya, mutum mai sanyi, harbinsa ba ya kuskure. Sai Afanvi, direban motar asibiti, wanda ya ce shi dai kada a ba ni tuƙi. Na ce ya sake faɗa ya gani.

Asabar, 15 ga Maris

Duk Asabar da la'asar ƙungiyoyin gari suna haɗuwa a yi wasan gwaji. Yau muka shiga.

Na san Yaya kamar yunwar cikina. Na san rumbun ajiyar da yake sauka, na san tagar da yake laɓewa. Na ce wa mutanena, "Wanda ke saman bene, ku bi ta hagunsa." Malam ya ce me ya sa, ta dama ai ta fi kariya. Na ce ya bi kawai.

Afanvi ya hau matakala da gudu, ƙafa kamar doki, Yaya ko motsi bai yi ba. Ɗaya. Zagaye na biyu Malam ya ɗauke shi. Na uku ni da kaina.

Na yi ihu har maƙwabciyata ta leƙo ko lafiya. Lafiya lau. Rabon da in ji daɗi haka har na manta.

Talata, 18 ga Maris

Ya turo saƙo: "Ke ce?" Na bar shi a buɗe ya ga na karanta.

Asabar, 22 ga Maris

Ya canza wurin sauka. Banza. Kunne ba ya canzawa.

Wani da ke cikin zaurensu na hira ya ce Edem ya fara ɗaga masa murya, wai "Yaya, barci kake yi ne?" Madalla. Ya ɗanɗana.

Laraba, 26 ga Maris

Anti Ayele za ta kashe ni da hawan jini. Muna tsakiyar atisaye ta tsaya cak a fili kamar turken awaki, aka harbe ta. Wai mai saye ce ta zo. Kuma tana dariya! "Kai, yaron nan ya iya, ko ta ina ya ɓullo?" Yabon wanda ya kashe ta take yi.

Na ce, "Anti, in kasuwa za ki ci ki ci kasuwa, in wasa za ki yi ki yi wasa. Ba na son kaya a ƙungiyata."

Sai ta ce, "'Yata, na haifi wadda ta girme ki. Ni na zo nan ne in huta da masu taya atamfa rabin kuɗi. In ke ma ciniki kike yi, gaya mini farashin."

Ban ba ta haƙuri ba. Gasa saura mako biyu da 'yan kwanaki, ba ni da lokacin lallashi.

Juma'a, 28 ga Maris

Na daka wa wata ɗaliba tsawa a shataletale har mota ta mutu a hannunta, ta fashe da kuka, 'yan acaba suna ta zaginmu. Ban taɓa yi ba. Laifinsa ne. Duk laifinsa ne.

Lahadi, 30 ga Maris

Ban je gidan Dada ba. Na ce ciwon kai. Na yini a wasan ina koyon tafiya a tsugune ba ƙara.

Asabar, 5 ga Afrilu

Malam ya ce, "Dzifa, mun kashe yayanki ya fi a ƙirga, amma ba mu taɓa zuwa na ɗaya ba. Kullum wurin farautarsa muke ƙarewa. Gasar muke so ko shi?"

Na ce duka.

Ƙarya na yi. Su ba ni shi, su riƙe kofin.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Malam ya iso daga Kara, ya yini a mota. Ɗan siriri ne, da tabarau, ya zo mana da doya. Ya ce ɗalibansa sun ce kada ya dawo sai da labari mai daɗi. Ƙungiyoyi biyu na farko za su je babbar gasa a Kwatano. Bai taɓa zuwa ba.

Gobe.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na yi. Bari in rubuta tun yana da zafi.

A wani zaure a unguwar Tokoin aka yi, cike maƙil, kowa da wayarsa, ga babban allo a gaba ana nuna wa 'yan kallo. Kadoji suna can gefe. Yaya ya sa rigar da na ɗinka mana bara. Ya ɗaga mini hannu, na kalli silin.

A zagayen ƙarshe muna na biyu a maki. Abin da ake bukata kawai mu daɗe da rai. Fili ya matse, saura ƙungiyoyi huɗu. Aka harbi Anti ta faɗi a bayan wata mota, tana rarrafe tana cewa, "'Yata, zo ki ɗaga ni, ga ni kusa da ke." Kusa take, gaskiya ne. Malam yana cewa, "Ɗaga ta, ina kare ki."

Sai na hango shi. Shi kaɗai a bayan katanga, ya ba ni hagunsa.

Ban ma yi shawara ba. Na bar Anti. Na zagaya, na isa har gefensa, na tsaya. Bai ji ba. Mai allo ya juyo da hoton kanmu. Na danna maɓallin rawa. Mutumina na cikin wasan yana tiƙar rawa a kafaɗar Yaya, shi yana can yana leƙen gaba da gaske, kamar soja. Zaure ya kece da dariya. Na bari suka ƙoshi, sannan na mayar da bindiga na ciro adda. Sara biyu.

Kafin in juyo Anti ta mutu, an gama da Afanvi, Malam shi kaɗai a kan mutum huɗu. Ni ma ban kai ko'ina ba. Da aka haɗa maki, muka ƙare na huɗu. Kadoji na biyar. Babu mai zuwa Kwatano a cikinmu.

Mai gabatarwa ya taho da abin magana yana haki. "Malama! Yaya aka yi kika tsaya a jikinsa bai sani ba? Asiri ne?"

Na ce, "Ba asiri. Ku tambaye shi aikin me kunnensa na hagu yake yi masa. Ado ne kawai."

Aka yi wata dariyar, amma ba ta kai ta farko ba. Yaya ya zare abin kunnensa a hankali, ya naɗe wayar a yatsa, ya sa a aljihu. Ya bi ta gabana ya fita. Bai kalle ni ba.

Ya ji yadda ake ji. Ban yi nadama ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban yi nadama ba.

Malam ya kama motar safe. Na ce zan kai shi tasha, ya ce ya riga ya tsayar da ɗan acaba. Ya ce, "Na ji daɗin ganinku. Amma da kin gaya mini tun farko faɗan gida ne, da ban nemi hutu ba." Ya fita daga ƙungiya kafin motarsa ta kai garin Atakpame.

Talata, 15 ga Afrilu

Kadoji sun cire shi. Edem ne shugaba yanzu. Wai ba za su tafi yaƙi da mai kunne ɗaya ba. Bidiyon rawata ya zagaye gari, ya ninka na gada. A zauren hira an daina cewa Selom, sai Kunne Ɗaya. Wani ya haɗa hotonsa da kofin shayi.

Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba?

Ɗalibina mai zancen ruwa yau ya ce, "Malama, ashe ke muguwa ce." Da yabo ya faɗa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na buɗe wasan, na rasa wanda zan nema. Sunansa a dushe, bai hau ba tun ranar. Na rufe.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Dada ta yanka kaza, ta jera kwanuka har da nasa. Matarsa ta zo da yara, ta ce yana da aiki. Ran Ista. Ta gaishe ni kamar baƙuwa.

Na jira Dada ta yi faɗa, na shirya amsoshina tsaf. Ba ta yi ba. Sai da muke wanke-wanke ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin manta dalilin da ya sa muka canza masa makaranta?" Ban manta ba. Yara ne suke zagayowa ta bayansa suna zaginsa a kunnen, suna dariya don bai ji ba.

Na ce, "Dada, shi ya fara. Ya mayar da ni abin dariya a wurin aikina."

Ta ce, "Ya yi, kuma na gaya masa bai kyauta ba. Amma shi ya kunyata ki da abin da hannunki ya yi. Ke kin kunyata shi da abin da Allah ya yi masa."

Ta miƙo mini tukunya. Na goge ta har hannuna ya yi ja.

Kullum dama shi take goya wa baya.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, titin Be ya zama tafki, babu darasi. Anti Ayele ta kira. Na zaci zagi ne. Ta ce, "Babu ciniki, hau mu yi wasa." Na ce Anti, ba ki yi fushi ba? Ta ce, "Na yi. Na kwana biyu ina zaginki a zuci, har na yanka wa wata mata yadi ba daidai ba. Hau mana."

Muka shiga da Afanvi da wani baƙo. Muka kai ƙarshe da wata ƙungiya ta 'yan Kwatano, muka yi ta kai ruwa rana a wani gidan gona, su jefo mu kauce, mu zagaya su toshe. Wata a cikinsu ta yaudare ni da hayaƙi ta fito ta inda ban zata ba. Na ji bakina ya ce, "Kai, ta iya!" Anti ta yi ta dariya har da tari.

Yarinyar ta turo saƙo daga baya, wai na wahalar da ita, mu sake haɗuwa. An cinye mu, kuma na ci abinci da daɗi. Ban gane ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Fankata ta lalace. To, na zare mata waya ɗaya. Na kai shagonsa.

Yana tsugune bayan wani firij. Ya rame, ko idona ne. Ya karɓa, ya kwance, ya duba, ya ɗago ya kalle ni. "Wayar nan da hannu aka cire ta." Na ce ɓera ne. Ya ce, "Ɓeran ya iya riƙe sukundireba."

Na zauna a kan wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki. Can na ce, "Me ya sa ka cire ni? Kada ka ce mini gada."

Ya daɗe yana murɗa waya. Ya ce ba gada ba ce. Wai duk ranar da aka tafa masa, shi ya san ba shi aka tafa wa ba. "Tun kina 'yar mitsitsiya kike ji mini. A gida ke, a coci ke, a wasa ma ke. Na kusa arba'in, Dzifa. So na yi in ga ko ni kaɗai zan iya wani abu." Na ce to sai ka faɗa, ba sai ka watsa ni a duniya ba. Ya ce, "Da na faɗa, da kin ji tausayina. Gara ki ji haushina."

Na ce ai kuwa ka samu.

Ya ce, "Na samu. Na kuma samu amsata, a gaban mutum ɗari biyu."

Ban ba shi haƙuri ba. Shi ma bai ce in yafe masa ba. Ya jona fankar ta juya, iska ta kwashe masa takardu daga tebur, muka bi muna tsincewa. Ya ce wani mai gidan abinci ya zo jiya yana yi masa magana da ihu, kamar yana kiran wanda ke ƙetaren teku. Ya yi 'yar dariya. Ni ban yi ba.

Na tambayi kuɗin gyara. Ya ce in ba ɓeran.

Talata, 29 ga Afrilu

Ya goge bidiyon gada. Nawa ba ya goguwa, yana wayar kowa.

Juma'a, 2 ga Mayu

Edem ya kira. "Anti Dzifa, gurbinki yana nan a Kadoji, har mataimakiyar shugaba. Yanzu da muka rabu da Kunne Ɗaya..."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Sunansa Selom. Yaya Selom a bakinka. Ya kafa ƙungiyar nan kana wasan ƙasa. Duk wanda na sake jin ya kira shi da wancan sunan, da ni zai yi, a wasa da wajen wasa." Ya ce ai ni na fara faɗa. Na ce na sani, na kashe wayar.

Ba don shi na ƙi ba. Ba ni da lokaci ne, ɗalibai sun yi yawa, ga damina. Kuma ban yafe ba, a rubuta.

Yayana ne dai. In zagi ne, ni ke da shi.

Jibi Lahadi. Dada ta ce in zo da kifi. Na sayi mai yawa, ban san dalili ba.